A daure a shiga gwaji da ciwo, ko a karɓi takardar likita?

Soja ya ji ciwo a ƙafa, ƙashi ya tsage, ga gwajin ƙarfin jiki ya matso, ga ƙarin girma yana hange.

Ko dai ya sha maganin kashe zafi ya daure ya shiga gudun, in ya dace makinsa ya shiga fayil, amma wallahi tsagewar ƙashin da hutun sati 6 zuwa 8 zai warkar tana iya komawa karaya, ya dawo dogara sanda, makin ma ba lallai yai kyau ba.

Ko ya karɓi takardar likita a ɗage masa gwajin, ya riƙa iyo da tuƙa keke kar ƙarfinsa ya zube. Eh sa'o'insa za su iya riga shi ɗaura igiya, abin da ciwo kam. Ni dai nan na karkata.