A Texas, kwalliyar a-kori-kura rage mata kuɗi take yi

Jama'ar gida, a nan Texas a-kori-kura ba motar dako ba ce kawai. Da ita ake zuwa ofis, da ita ake kai yara makaranta. Ford F-150, Chevrolet Silverado da Ram su suka cika titunan Houston. Hilux ɗin da muke ji da ita ba a sayar da sabuwarta a nan, tun 1995 Toyota ta maye gurbinta da Tacoma. Mutanen nan kuma akwai son kwaskwarima: a ɗaga mota sama har sai ka kama ƙofa kafin ka hau, a sa manyan tayoyi, a jera fitilu a goshi, a canza salansa ta riƙa ruri.

Wani ɗan uwanmu Bakano ya bi yayin, ya narka wa F-150 ɗinsa dubban daloli. Da iyali suka ƙaru sai ya ce in raka shi wurin dillalan mota ya sayar, ya sayi ta iyali. Ya wanke ta fes, ya ɗauko rasit ɗin duk abin da ya sa mata, yana lissafin za a ɗora masa a kan farashi.

Wata yarinya ce ta fito, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ko kallon fitilun ba ta yi ba. Ta ɗauki lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 da ke gindin gilashin gaba, tarihin motar ya fito mata a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motoci, sannan ta durƙusa da tocila tana leƙen ƙasa. Da ta miƙe tambaya ɗaya ta yi: ina kayan da kamfani ya sa mata tun asali? Alhaji ya ce ai ya daɗe da rabar da su. Ya miƙa mata rasit, ta duba, ta mayar masa cikin ladabi. Farashin da ta rubuta bai kai na irin motar da ba a taɓa ta ba.

Sai Alhaji ya ɗauko ciniki irin na gida, yana nuna tayoyi yana faɗin nawa ya saya. Ta yi murmushi ta ce abin da ke takarda shi ne. Ni dai kunya ta sa na koma gefe ina danna waya.

A hanya ina ta masifa, amma hujjarsu ba ta wasa ba ce. In aka ɗaga mota, ƙafafunta da sandar da ke juya tayoyi suna aiki a karkace, su ci da wuri. Tayan da ya fi na asali girma yana sa mita ta ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi, ga shan mai. Mai saye bai san wane makaniki ya ɗaura kayan ba, kuma zai ɗauka an sha tuƙa ta cikin taɓo da duwatsu. Akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975 da ta hana kamfani soke garanti don kawai ka sa kayan waje, amma in kayan ne suka jawo lalacewar, gyara ya koma aljihunka. Wanda kuwa ya cire na'urar tace hayaƙi ya taka dokar tarayya, dillali sai ya mayar da ita kafin ya sayar, kuma a kuɗinka zai cire. Abin da ba sa ƙi shi ne mai amfani: feshin da ke kare bodi daga ƙarzuwa, murfin baya, ƙugiyar jan tirela. Su ma ba a mayar maka da duk abin da ka kashe.

Mu fa? Mota na isowa daga Kwatano ko Legas, abin da makaniki zai fara ba ka shawara shi ne a cire tamostat, a fasa salansa a zare indomi, wato na'urar tace hayaƙin nan, wai ta fi gudu. In za a sayar, a watsa mata fenti, a mayar da mita baya, dillali ya rantse maka cewa wata Hajiya ce ke hawa, daga gida sai asibiti. A Amurka kuwa taɓa mita laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Masu sayo motocin gwanjo daga Amurka kuma, in kun ga wadda aka ɗaga tana sheƙi a hoto da araha, akwai dalili.

Duk da haka na yi kewar cinikinmu. A zauna kan benci, a kawo shayi, a taya ka ce albarka, a ƙara, dattijo ya shiga tsakani, a rabu da dariya ko ba a daidaita ba. Nan kwamfuta ce ke yanke hukunci, ba wanda zai ce maka ko sannu.

An ba Alhaji shawara ya sa ta a Facebook Marketplace, ko Allah zai haɗa shi da matashin da ke son irin wannan kwalliyar. Masu kira suna ta kira, kowa yaba tayoyi yake yi sannan ya taya ƙasa da na dillalan. Yanzu yana neman kayan asali na hannu ya mayar mata, a garin da makaniki ke cajin sama da dala 100 a awa ɗaya.