Wata takwas ina fassara a Fiverr daga Maradi

Kafin in san Fiverr, shafin intanet da ke haɗa masu sana'a da masu ba da aiki, sai da aka wanke ni tas. Wata baƙuwar lamba ce ta turo mini saƙo a WhatsApp, wai ana neman masu yaba bidiyo a YouTube. Na danna guda uku, sai ga jika ɗaya ta faɗo a salulata. Ashe tsaba ce aka watsa wa kaza. Washegari aka ce in zuba jika 25 in hau matakin manya. Yaron da ke tura kuɗi a bakin kasuwa sai da ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ka kuwa san mutumin nan?" Na ce ya tura kawai. Kwana biyu aka fidda ni daga zauren WhatsApp ɗin da suka sa ni, lambar kuma ta mutu.

Ƙanen matata, ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, shi ya buɗe mini shafi a Fiverr. Abin da ya fara kwantar mini da hankali, ba a nemi ko dala a hannuna ba. Mai aikin ne ke biya tun kafin ka fara, kuɗin su zauna hannun kamfanin. In ka gama su ɗebe kashi 20 cikin 100, wato aikin dala 10 ya bar maka 8 (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa 5 ba). Sabon shiga kuma yana jira kwana 14 kafin ya taɓa kuɗinsa. Ni ta Payoneer, wani kamfanin tura kuɗi ta intanet, nake jawo nawa zuwa banki, kuma sai sun ɗan taru, don kada kuɗin cirewa ya cinye wahalata.

Sati bakwai na yi ko sallama babu. Aikin farko takardar faɗakarwa ce kan rigakafin yara, daga Faransanci zuwa Hausa. Aka dawo mini da ita, wai Hausar Kano ake so. Duk inda na sa ƴ sai da na mai da shi 'y, kuran ya koma lantarki, lakwal ta koma makaranta. Yanzu tambayata ta farko ke nan: masu karatun na wane gefen iyaka ne?

Agogon da Fiverr ke ƙirga wa'adin miƙa aiki da shi kuwa bai san kuran ya ɗauke ko rezo ya gudu ba. Cikin zafin Afrilu na taɓa ƙarasa fassara a shagon caji, kwamfuta bisa cinya, shi ya sa kuɗina na farko suka tafi ga batir da ƙaramin faranti mai hasken rana.

Ƴan damfara suna leƙowa nan ma: "Mu koma Telegram, zan ninka maka." Dokar shafin ta hana karɓar kuɗi ta waje, don haka toshe su nake yi. Ban bar aikina na koyarwa ba, don wani watan aikin ya biya hayar gida a unguwar Zariya, wani watan ko kuɗin intanet bai maido ba.