Kafin Ka Sayar Da Laftof Ɗinka: Wace Manhajar Gyaran Hoto Ce Daidai Ƙarfinsa?

Kwanaki wani yaro da ke koyon aiki a shagonmu ya shigo yana huci. "Maigida, wannan laftof ɗin ya gama yawo, sayar da shi zan yi in cika kuɗi in ɗauko wani." Na ce masa ya ajiye tukuna mu ga abin da ya ɗora masa. Ashe banar walimar saukar Alƙur'ani yake haɗawa, ƙafa 10 tsawo, ƙafa 4 faɗi, ya kuma sa fiksel 300 a kowane inci saboda an taɓa ce masa haka ake yi wa aikin bugawa. Yi lissafin da kanka: fiksel 36,000 sau 14,400, wato sama da miliyan 518. Leya ɗaya tak, wato shimfiɗa ɗaya daga cikin waɗanda ake jerawa a haɗa hoto, tun ba a sa hoton kowa ba, ta haura giga ɗaya da rabi. Laftof mai ram giga 8 ina zai kai wannan kaya? Muka mayar da ita fiksel 100 a inci, wanda ya ishi bana da za a kalla daga nesa, nauyin ya ragu ninki tara, na'urar da ake shirin kaiwa kasuwa ta ci gaba da aiki.

Ire-iren wannan ne suka sa duk wanda ya tambaye ni wace manhaja zai ɗauka, sai in fara da tambayarsa ram ɗinsa nawa ne, wane irin faifai ne a ciki, kuma wa yake kai wa aiki ya buga masa.

Ka ɗauki ram kamar teburin tela. Duk yadin da ake yankawa a kansa yake. In yadi ya fi ƙarfin tebur, sai a sauke sauran a tabarma, tela ya riƙa sunkuyawa yana ɗaukowa. Tabarmar nan ita ce faifan ajiyar kwamfuta, kuma kowace manhajar gyaran hoto haka take yi idan ram ya cika. Idan faifan SSD ne, sunkuyawar ba ta da wuya. Idan tsohon faifai ne mai juyawa, nan ne za ka ga ka ja burushi yanzu, sai ka kurɓi shayi kafin layin ya fito. Saboda haka wanda ya je Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja zai sayi na hannu, laftof mai SSD da ram giga 16 ya fi masa wani mai ƙyalli da sabon suna amma ram giga 4. A tambaya kuma ko ram ɗin ana iya ƙara shi, domin da yawa daga siraran nan an liƙe nasu a jikin allon ciki, yadda ka saya haka zai tsufa.

Photoshop shi ne wanda kowa ya sani, kuma a gaskiya babu wanda ya kai shi ba ka linzami a hannu. Ka danna Ctrl da K, ka shiga Performance. Daga kamfani yana zuwa ne da izinin cinye kashi 70 cikin ɗari na ram. Mutane suna ganin wurin sai su ja shi har ƙarshe, suna zaton gudu suka ƙara, alhali Windows da burauza sun rasa wurin numfashi, komai ya tsaya cak. Adobe da kansu sun ce kada a wuce kashi 85. Ni dai ba na taɓa shi sai na duba ma'aunin Efficiency da ke ƙasan hoton: in yana kan 100, tebur bai cika ba, a bar shi, in yana faɗuwa ƙasa da 90, to a ƙara kaɗan-kaɗan, ko a rufe shafukan burauza ashirin ɗin nan da aka bari a buɗe.

A wannan shafin ne kuma History States yake, wato yawan matakan da za ka iya komawa baya. Yana zuwa a 50, ana iya kai shi 1,000. Kowane mataki da ya taɓa dukan hoton tamkar kwafin hoton ne aka ajiye a gefe. Mai gyaran fuskar amarya da ƙananan taɓe-taɓe yana buƙatar matakai da yawa, kuma ba su da nauyi sosai. Mai manyan banoni ya sauke shi zuwa 20, zai ji bambanci. Sai Cache Levels, wato ƙananan kwafin hoton da yake tanada don allo ya yi saurin nunawa, da ke zuwa a 4: manyan hotuna masu leya kaɗan sun fi son a ɗaga shi, ƙananan zane masu leya barkatai kamar katin gayyata sun fi son a rage.

Saƙon da ya fi sa masu sutudiyo zufa shi ne wanda ke cewa Scratch Disks sun cika, tabarmar kenan ta ƙare. Wani lokaci ma manhajar ƙin buɗewa take yi. Dabarar ita ce ka riƙe Ctrl da Alt yayin da take tashi, za ta ba ka damar zaɓar wani faifan. Amma maganin gaske shi ne a kwashe hotunan bikin bara daga faifan C a mayar da su na waje. Kuma a tuna fayil ɗin PSD, wato irin wanda Photoshop ke ajiye aiki a ciki, ba ya wuce fiksel 30,000 a gefe ɗaya ko giga 2. Banar yaron nan ko da laftof ya jure, sai dai a ajiye ta a PSB, nau'insa na manyan fayiloli.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Tun 2013 Adobe suka daina fitar da sabuwar sigar da ake saya sau ɗaya, CS6 na 2012 ne na ƙarshe da ake saya a mallaka. Yanzu haya ce wata-wata. Na san abin da ake yi a shaguna da yawa, a ba mai gyara ɗan wani abu ya zuba maka wanda aka fasa. Na taɓa yi, na kuma ga sakamakonsa: ƙwayar cuta ta shigo tare da shi ta kulle mini hotunan bukukuwa uku, ina ji ina gani. Ban sake ba.

Wanda ya sauya lissafin kasuwar nan shi ne Affinity. Kamfanin Serif na Nottingham a Ingila ne ya ƙera shi, Canva ta saye kamfanin a 2024, sannan a ƙarshen Oktoban 2025 ta haɗe manhajojinsa uku wuri guda ta sake shi kyauta, sai dai ka buɗe asusun Canva, kuma kayan ƙirƙirarriyar basira na masu biya ne. Yana buɗe PSD, yana aiki da launin CMYK da injinan bugawa ke so. Saitinsa bai kai na Photoshop rassa ba, amma abin da ake buƙata yana nan: iyakar ram, iyakar matakan komawa baya, da ingancin abin da kake gani a allo yayin aiki. Abu ɗaya da za a kula da shi a Windows shi ne OpenCL, wato barin katin girafik ya taya aiki. A laftof mai tsohon kati ko tsohuwar direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, shi ne kan sa manhajar ta riƙa rufewa da kanta ko hoto ya riƙa ɓaci a allo. A cire alamar, a rufe a sake buɗewa, yawanci magana ta ƙare. Haka ma a Photoshop, in allo yana walƙiya, Use Graphics Processor za a fara kashewa a gani.

GIMP dattijo ne, tun 1995 wasu ɗalibai biyu, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara shi a jami'ar Berkeley ta Amurka. Kyauta ne, ba asusu, ba intanet, kuma yana haƙuri da tsofaffin na'urori. Sigar 3.0 da ta fito a Maris 2025 ta kawo damar sa tace-tace a kan leya ka dawo ka gyara su daga baya, abin da aka daɗe ana jira. A shafin System Resources, Tile cache size shi ne teburinsa. In GIMP kaɗai kake buɗewa, ƙara masa. A ɓangaren Folders kuma za ka nuna masa inda zai shimfiɗa tabarma, a kai shi faifan da ya fi gudu. Sai dai yana da aibi biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, ba a gyara hoto cikin CMYK a cikinsa, iyakarsa ya nuna maka yadda launin zai fito ya kuma fitar da fayil ɗin a haka. Na biyun ya fi ciwo: ba ya ajiye aiki da kansa. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, kuma rabin laftof ɗin hannu batirinsu ya zama ado, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Photoshop yana ajiye kwafin ceto duk minti 10, ana iya mayar da shi minti 5 a File Handling, kuma shi ne saitin farko da nake taɓawa a kowace sabuwar na'ura. Affinity da Krita su ma suna yi. Mai GIMP kuwa sai yatsansa ya saba da Ctrl da S kamar carbi.

Krita na masu zane ne da alƙalamin allo, masu zanen barkwanci da bangon littafi. Kyauta ne, yana da CMYK, yana ɗaukar rabin ram daga farko kuma ana iya ƙara masa. Don gyaran hotunan biki ɗari uku dai ba shi zan nufa ba.

Akwai kuma Photopea, wanda wani matashi a ƙasar Cek, Ivan Kutskir, ya rubuta. A cikin burauza yake aiki, fuskarsa kamar ta Photoshop, yana buɗe PSD, kuma hoton a kwamfutarka ake sarrafa shi, ba loda shi ake yi ba, don haka bai cika cin data ba. Yana fid da mutum kunya ran da ya tsinci kansa a kafen intanet ko a kwamfutar aro. Amma ba ka da ta cewa kan ram ko faifai, abin da burauza ta ba shi da shi zai yi, babban fayil kuwa yana iya kayar da shafin gaba ɗaya.

Kada kuma a manta da mai bugawa. Yawancin maɗaba'unmu da CorelDRAW suka saba, wasu in ka kai musu fayil ɗin GIMP kallonka kawai za su yi. Kafin ka zaɓi manhaja, leƙa wurinsu ka tambayi abin da suke karɓa. Galibi PDF ko TIFF ko JPEG mai inganci ya wadatar, kuma duk waɗannan manhajojin suna fitar da aƙalla biyu daga ciki. Wanda kuwa yake musayar PSD mai leya-leya da wasu masu zane kullum, ya san rubutu da wasu ƙawace-ƙawace kan gurɓace idan aka buɗe a wata manhajar. Shi kam hayar Photoshop ta zama kuɗin sana'a, ya sa ta cikin farashin aiki. Ga mai farawa da laftof mai giga 8 ko 16, ni Affinity zan ce ya fara gwadawa. Mai giga 4 da tsohon faifai ya riƙe GIMP, kuɗin da ya tara kuma ya fara sayen SSD da su.

Ran da za ka je sayen na'urar, tafi da filasha ɗauke da fayil mafi nauyi da ka taɓa yi. Ka roƙi mai shago ya bari ka buɗe shi a gabansa, ka zuƙo hoton ka mayar, ka ja babban burushi daga gefe zuwa gefe, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc ka ga ram nawa ya rage. Ka kuma zare cajar ka ga minti nawa batirin zai kai. Yaron shagonmu dai bai sayar da nasa ba. Ram giga 8 ya ƙara masa a ramin da ke fanko, yanzu kalandar wata makarantar Islamiyya yake haɗawa a kai.