Gargaɗi ga masu sayen ƙananan motocin kaya a Tawa: ƙarin sifirin ba ya ƙara wa mota ƙarfi

Ina jan hankalin ƴan kasuwa, manoman albasa da masu jigilar kayan gini na jihar Tawa game da wata yaudara da wasu dillalan motoci ke yi, wadda ta fi cin mutanen da ba su taɓa mallakar mota ba. Suna samo tsohuwar ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, wadda kamfanin da ya ƙera ta ya ƙayyade mata tan guda ko ƙasa da haka, su kai ta garaji a ƙara mata ƙarafan sifirin a baya, wato jerin ƙarafan da ke riƙe bodi a kan ƙafafun mota, a ɗaga bangon bodinta da walda, a fesa mata sabon fenti, sannan su fito da ita da sunan "mai tan biyu" ko "mai tan uku", su ɗora mata farashin da ya dace da wannan suna. Mai saye ya biya kuɗin ƙarfin da babu shi a jikin motar, kuma ba ya gane haka sai ya hau hanya da lodi.

Abin da ya sa yaudarar ke tasiri shi ne suna nuna ta a gaban idon mutum. Dillali zai sa a jera buhunan siminti 40 a bayan motar a cikin filin da ake ajiye motoci, ya ja mai saye ya zagaya da shi, ya nuna masa tazarar da ke tsakanin taya da bodi, ya ce: "Alhaji, duba da idonka, ko zama ba ta yi ba." Gaskiya ne ba ta zauna ba, domin sifirin da aka ƙara shi ke hana baya sunkuyawa. Daga nan sai a tayar da ita, a zagaya filin sau ɗaya a giya ta farko, a kan ƙasa mai laushi, a dawo a tsaya. Wasu ma ba sa wahalar da kansu da wannan. Hoton bidiyo na irin wannan lodi suke yaɗawa a WhatsApp da Facebook, su ce motar tana Yamai, masu so sun yi yawa, a aiko da kafin alƙalami ta kamfanin aika kuɗi kafin wani ya riga. Wanda ya aika kuɗi a kan motar da bai taɓa da hannunsa ba ya shiga haɗari biyu, domin ko dai motar ta zo ba yadda aka faɗa ba, ko kuma lambar wayar ta daina shiga.

Nauyin da mota za ta iya ɗauka ba abu ne da ake ganewa da ido ba, rubutacce ne. Kowace mota tana fitowa daga kamfani da ɗan allon ƙarfe ko takarda mai manne, galibi a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a cikin ɗakin inji, kuma a yawancin motoci a kansa ake rubuta iyakar nauyin motar gaba ɗaya idan an yi mata lodi, tare da iyakar abin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka. A takardun mota na tsarin Faransanci, wannan adadi shi ne ake rubutawa PTAC. Idan aka cire nauyin motar ba kaya daga cikinsa, abin da ya rage shi ne lodin da aka yarda ta ɗauka, kuma a cikin wannan ragowar ne ake lissafa direba da yaron mota da duk wanda ya hau baya.

A ɗauki misalin motar da allonta ya nuna kilo 2,800, ita kuma ba kaya tana da kilo 1,800. Abin da ya rage kilo 1,000 ne. Direba da yaronsa za su ci kamar kilo 140. Ƙarafan da dillalin ya sa aka yi wa bodi walda da su, da sifirin ɗin da ya ƙara, su ma nauyi ne, a ce kilo 100. Ƙarin taya da jarkokin ruwa da na mai da ba a rasa su a doguwar hanya, a ce kilo 60. Saura kilo 700, wato buhun siminti 14, tunda kowane buhu kilo 50 ne. Buhu 40 ɗin da aka nuna a fili kuwa kilo 2,000 ne cif, kusan ninki uku na abin da ya rage. Haka lissafin yake ga mai ɗibar ruwa, domin kowace lita kilo guda ce, duro mai lita 200 ya haura kilo 200 idan an haɗa da nauyinsa. Mai ɗaukar yashi ya fi kowa saurin yin kuskure, tunda yashin da zai cika mita guda tsawo da faɗi da zurfi ya kai kimanin tan guda da rabi, ga shi kuma a ido ko rabin bodin da aka ɗaga bai cika ba.

Ƙananan motocin kayan da aka saba gani a hanyoyinmu duk a wannan iyaka suke. Toyota Hilux, wadda kowa ke yaba juriyarta, lodinta yana kusa da tan guda ne, ya ɗan haura ko ya ɗan gaza gwargwadon samfuri, kuma mai gida biyu, wato mai layin kujeru biyu, ba ta kai mai gida ɗaya filin kaya ba, balle idan an cika kujerunta da mutane. Ƙananan nan na Japan irin su Suzuki Carry mai ƙaramin inji kuwa, kilo 350 dokar ƙasar ta ƙayyade musu, buhun siminti bakwai ke nan. Duk wanda ya ce maka mota mai wannan girma tana ɗaukar tan uku lafiya lau, ka tambaye shi me ya sa kamfanin da ya ƙera ta, wanda ya fi kowa son a saya, bai rubuta haka ba.

Sifirin aikinsa shi ne riƙe bodi a sama da rage girgiza. Ƙara shi daidai yake da ƙara wa jaki kaurin akumari, kayan za su zauna da kyau a bayansa, amma ƙafafun na jaki ne har yanzu. Birkin motar bai canza ba. Idan nauyi ya ninku, zafin da birki zai sha kafin ya tsayar da ita shi ma ya ninku, kuma a doguwar gangara irin ta tsaunukan Adar, wajen Keita ko Buza, birkin da ya yi zafi fiye da kima yakan daina kamawa ko da direba ya taka shi har ƙasa. Ƙarfen da ke juya ƙafar baya da boris ɗinsa ba su canza ba, kuma a yawancin irin waɗannan ƙananan motoci su ne ke ɗauke da nauyin, shi ya sa idan suka gaji ake ganin ƙafa ta fita da tayarta ana cikin tafiya. Shasi ma, wato ƙashin ƙarfen da aka ɗora jikin motar a kai, bai canza ba. Abin da ya ƙaru shi ne dukan da yake sha, domin sifirin mai tauri ba ya shanye ramuka, yana miƙa su ne kai tsaye ga shasi, wanda galibi yakan fara tsagewa a tsakanin gidan direba da bodi ko a inda sifirin ke maƙale. Idan kuma aka tula kaya suka wuce ƙafafun baya, gaban motar yakan yi sauƙi, sitiyari ya rage jin magana, kaya masu tsawo kuma su sa ta karkata a kwana.

Taya ta cancanci a tsaya a kanta, saboda ita ce ta fi saurin tona asirin dillali, kuma tana saurin kashe mutane. A gefen kowace taya, bayan lambobin girma, akwai lambar nauyi: 100 tana nufin kilo 800, 104 kilo 900, 108 kilo 1,000, 112 kilo 1,120, kuma wannan sai idan iskar da ke ciki ta cika yadda aka tsara. Tayoyin baya biyu masu lamba 104 iyakarsu kilo 1,800 ke nan, alhali a cikin wannan adadi har da nauyin bayan motar kanta. To, ina tan biyu ko uku za su zauna? Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi tayar. 2315, alal misali, mako na 23 ne na shekarar 2015. Dillalan nan sukan sa tsofaffin tayoyin da aka shigo da su daga waje, a wanke su a shafa musu mai su yi baƙi ƙirin. Tsohuwar taya, da lodin da ya fi ƙarfinta, a kan kwalta tsakanin Tsarnawa da Tawa a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma lokacin da jigilar albasa ke kankama, ba ta buƙatar ƙusa kafin ta fashe.

Wasu za su ce ai kullum muna ganin Hilux ɗauke da buhunan albasa har sama, da mutane a kai, daga Galmi ko Tabalak, kuma tana isa. Tana isa, ba a musu. Amma mai irin wannan motar ya san abin da yake yi wa dukiyarsa, ya kuma san abin da yake kashewa a garaji. Zaɓinsa ne, ko da yake fasinjojin da ke kan buhunan ba a yi shawara da su ba. Abin da nake magana a kai daban ne: a sayar wa mutum mota a kan cewa an yi ta ne domin wannan lodi, ya ci bashi ko ya sayar da shanunsa bisa lissafin tan biyu a kowane sawu, ya ƙulla alkawari da masu kaya a kan haka, sannan ribar da ya ƙiyasta ta tafi a walda da tayoyi. Wannan algus ne, ba ciniki ba.

Kafin a biya ko dala, a nemi allon kamfani a karanta. Idan an fesa masa fenti, ko an kankare shi, ko ƙusoshin da ke riƙe da shi sun fi sauran jikin motar sabunta, wannan kaɗai ya isa dalilin fasawa. A gwada lambar shasi da ke buge a jikin ƙarfe da wadda ke cikin katin mota da takardar duwan, harafi bayan harafi, kuma kada a yarda da cewa takardu suna hanya. A zo da makanike na kai, ba wanda dillali ya kawo ba, ya shiga ƙarƙashi da fitila ya ƙirga ƙarafan sifirin, ya ga ko kauri da launinsu ɗaya ne, ya bi shasi da hannu yana neman sabuwar walda, musamman inda aka shafe da baƙin fenti mai kauri ko aka bar laka ta bushe a wuri ɗaya alhali sauran ƙarƙashin a wanke yake. Sannan a ce wa mai sayarwa ya rubuta nauyin da yake iƙirari a takardar ciniki, ya sa hannu a gaban shaidu. Mai gaskiya zai rubuta abin da ke kan allo ba tare da gardama ba, mai yaudara kuwa a nan ne yake fara rantse-rantse.

Wanda ya riga ya saya, kada ya ci gaba da lodi bisa maganar dillali. Ya koma ga adadin da ke kan allo, ya cire nauyin mutane da na ƙarafan da aka ƙara, ya jera kaya masu nauyi a ƙasa kusa da gidan direba, ya duba iskar taya da safe kafin ta ɗauki zafi. Ya adana bidiyon talla, saƙonnin murya da rasit ɗin aika kuɗi, domin su ne hujjarsa idan ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma, ko gaban shugabannin dillalai. Ya kuma sani cewa idan haɗari ya auku da lodin da ya haura abin da ke rubuce a katin motar, shi da direbansa hukuma za ta tuhuma, kuma kamfanin inshora na iya kafa hujja da wannan lodin ya ƙi biya.