Wane Littafin Balaraba Ramat Yakubu Za Ki Fara Saya?

Duk lokacin da wata ƙawa ko ƙanwa ta ce min tana son fara karanta Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, sai na tambaye ta abin da take nema a ciki. In hirar zance kike so, da kalamai masu sanyaya zuciya da saurayi mai mota, kuɗinki zai fi miki amfani a wani teburin. Gaskiya ne cikin littattafan soyayya ake jera nata, kuma akwai soyayyar, amma ita Hajiya abin da ke biyo bayan ɗaurin aure ne ya dame ta: kuɗin cefane, kishiya, takardar saki, da yaran da aka koro daga makaranta saboda uba ya ƙi biya.

Ba a bakin wani ta ji waɗannan abubuwa ba. Haifaffiyar Kano ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Duk da girman gidan da ta fito, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, auren kuma bai kai shekara biyu ba ya mutu. Daga baya ta koma ajin ilimin manya ta ɗora daga inda aka tsayar da ita. Littafinta na farko ya fito a 1987, kuma tana cikin marubutan ƙungiyar Raina Kama ta Kano, su Ado Ahmad Gidan Dabino, waɗanda suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Wannan ya shafe ki kai tsaye a matsayinki na mai saye: babu wani babban kamfani da ya tara littattafan a rumbu, sai dai ki bi su ɗaya-ɗaya.

Uku ne aka fi tambaya. Na farkon, Budurwar Zuciya, labarin magidanci ne mai auri-saki, wanda girma ya zo masa amma idonsa na kan 'yanmata. Yana da zafi, sai dai hannun marubuciyar bai gama faɗawa ba a lokacin. Ni ina ganin na wanda ya riga ya san ta ne, yake son ganin inda ta faro. Kada ki fara da shi.

Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, shi ya fi suna. Rabi na zaune da 'ya'ya tara a gidan Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai hali amma mai ƙoro da abinci, sai ya jajibo Delu ya auro, daga ƙarshe ya kori uwargidan da yaranta. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe gida, 'yarta Saudatu ta yi dace da miji, shi kuwa Alhaji gobarar kasuwa ta cinye masa shago. Littafi ne da za ki gama a zama biyu, kuma in kin taɓa zama a gidan yawa za ki gane kowace murya a cikinsa. Amma ki shirya wa ƙarshensa. Ranar da na kai inda dangi suka taru suna matsa wa Rabi ta koma gidan mutumin da ya wulaƙanta ta, na rufe littafin na daɗe zaune ban ce komai ba. Wasu na jin haushin wannan ƙarshe. Ni ban ji haushin marubuciyar ba, domin abin da ake yi wa mata irin Rabi ta rubuta, ba abin da muke fata ba.

Sai Wa Zai Auri Jahila?, shi ma na 1990, wanda ni dai shi nake ba wa kowa shawarar farawa da shi. Abu yarinya ce 'yar ƙauye da aka cire daga makaranta, ɗan'uwan da aka yi mata alkawari da shi ya ce ba zai auri jahila ba, mahaifinta kuma ya ɗauke ta ya ba Sarkin Noma, tsoho sa'an ubanta. Ta gudu Kano, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Duk wanda ya san tarihin Hajiya Balaraba zai ga inda labarin ya taɓo jikinta, shi ya sa zafinsa daban ne. Akwai wurare masu nauyi, musamman daren farkon Abu a gidan mijin da ba ta so, don haka in 'yarki za ki saya wa, ki fara karantawa ke da kanki, sannan ku zauna ku tattauna.

Bayan kin zaɓi suna, saura a wace siga. Ta takarda ta Hausa ita ce asali, kuma wajen masu littattafan Hausa na Kasuwar Sabon Gari a Kano ya kamata ki fara nema, ko wajen tsofaffin masu ba da hayar littafi a unguwa. A nan sai kin buɗe ido. Wa Zai Auri Jahila? kashi biyu ne. Na taɓa sayen na ɗaya a wani shago, mai shagon ya ce in dawo mako mai zuwa na biyun zai iso, na yi ta zarya wata da watanni ban samu ba, sai a hannun wata ƙanwar mahaifiyata na are shi. Tun daga nan ba na biyan kuɗi sai na ga kashi biyun a hannuna. Ki kuma bi lambobin shafi tun daga farko har ƙarshe kafin ki bar wajen. Takardar irin waɗannan bugu siririya ce, ƙusa biyu ke riƙe da ita, shafukan tsakiya su suka fi saurin ficewa, wani bugun kuma tawadar ta kode har sai kin kai shi bakin taga.

Akwai fassarar Turanci ta Alhaki Kuykuyo Ne, wadda Aliyu Kamal ya yi, kamfanin Blaft na Chennai a Indiya ya buga a 2012 da sunan Sin Is a Puppy That Follows You Home. Bugun mai kyau ne, ya fi na gida ƙarko, kuma shi ya kai sunan Hajiya ƙasashen waje. Ya dace da kyauta ga wanda ba ya jin Hausa, ko ɗalibi mai nazari da Turanci. Amma ke da kike jin Hausa, me zai kai ki? Habaicin kishiyoyi da gatsen tsofaffi ba sa tsallakawa wani harshe da ɗanɗanonsu.

Na waya kuwa, waɗanda ake yawo da su a WhatsApp, su suka fi arha, wani lokacin ma kyauta. Yawanci wani ne ya sake bugawa da hannu ko ya ɗauki hoton shafukan, ga kurakurai, ga tsallake, kuma ko sisi ba ya isa ga matar da ta zauna ta rubuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajena. Kafin ki tura wa kowa kuɗi, ki tambaye shi ko da izinin marubuciyar yake sayarwa.

In kuɗin littafi ɗaya kike da shi, ki sayi Wa Zai Auri Jahila? na takarda, kashi biyun tare. In kin zagaya ba ki same shi cikakke ba, ki ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Hausa, ki bar wa mai shagon lambar wayarki ya kira ki ranar da ɗayan ya shigo.