Windows 11 a kwamfutar gida: abin da na tarar bayan sauyi

Ba kwalliya ce ta kai ni Windows 11 ba, tsaro ne. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren da ya saba, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU, shi ma na ɗan lokaci ne. Kwamfutar gidanmu kuwa kowa na taɓa ta: yara su yi aikin makaranta, ni in duba imel da asusun banki. Barin ta haka ba mai toshe mata ɓaraka bai kwanta mini ba.

Wahalar duka tana gabanin sauyin ne. Na sauke 'yar manhajar nan PC Health Check don ta duba ko na'urar ta cancanta, nan take ta ce a'a, wai babu TPM 2.0. A nan mutane da yawa ke karaya su fara lissafin sayen sabuwa, alhali sau da yawa abin yana ciki, kashe shi kawai aka yi. TPM wani ɗan sashe ne da ke ajiye makullan sirri na kwamfuta, kuma a cikin BIOS, wato saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi, ba lallai a same shi da wannan suna ba. A na'urorin Intel PTT ake kiransa, a na AMD kuma fTPM. Na shiga, na kunna, na sake tayar da kwamfutar, sai manhajar ta amince. Haka batun Secure Boot yake, tsarin da ke hana miyagun manhajoji shiga lokacin da kwamfuta ke tashi: dole na'urar ta zama mai iya shi, wato tana tashi ta hanyar UEFI, sabon salon BIOS.

Abin da ba shi da dabara shi ne furosesa. Intel daga zubi na 8 zuwa sama ake karɓa, AMD kuma galibi daga Ryzen 2000. Gane shi ba wuya: lambar da ke bin ɗan layin nan a sunan furosesar Intel ita ce shaida, i5-8400 zubi na 8 ne, ya shiga, i5-7500 zubi na 7 ne, bai shiga ba, ko da yana aiki garau. RAM gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 64 su ne mafi ƙaranci a rubuce, amma ni ba zan ba kowa shawarar ya zauna a kan 4 ba. Tawa 8 ce, kuma da na buɗe shafuka da yawa a burauza sai in ga ta kusa cika.

Ɗorawar kanta ba labari. Kyauta ce ga mai Windows 10 na halal, ta Windows Update ta zo, ta ci data gigabait da dama, kwamfutar ta mutu ta tashi 'yan lokuta. Hotuna da takardu da manhajoji duk na tarar da su inda na bar su, duk da dai na kwafe su a wani faifai na waje kafin in fara. Kada dai a bari wuta ta yanke ana tsakiyar aiki. Akwai kwana 10 na komawa tsohon tsari idan bai yi maka ba, kuma hakan ya dogara da wata folda mai suna Windows.old. Tana cin wuri sosai, shi ya sa hannu ke ƙaiƙayin goge ta. A bar ta tukuna.

A amfani na yau da kullum, abin da ya fi burge ni shi ne jera tagogi. Ka ɗora linzami a kan maɓallin faɗaɗa taga, ko ka danna Windows da Z, sai ya nuna maka yadda za ka raba allo gida biyu ko uku ko huɗu. Mai rubutu yana duba wata takarda a gefe zai ji daɗinsa ƙwarai. File Explorer ma tun 2022 yana buɗe foldoji da yawa a taga guda, kamar shafukan burauza. Maɓallin Start ya koma tsakiya, na mayar da shi hagu a saiti saboda can idona ya saba. Jerin da ke fitowa idan ka danna maɓallin dama na linzami an taƙaita shi, kwafi da gogewa sun zama 'yan alamomi. Idan tsohon nake so, sai in riƙe Shift in danna.

Sauri fa? Ban ga ya ƙaru ba, ban ga ya ragu ba. Wanda kwamfutarsa ke jan ƙafa, sauya tsohon faifai da SSD, sabon nau'in wurin ajiya mai sauri, zai fi yi masa amfani nesa ba kusa ba. Firinta ta kama aiki da kanta, manhajar wata tsohuwar sikana ce kawai ta ƙi buɗewa sai da na cire ta na sauko da sabuwa daga shafin masu ita.

Akwai hanyoyin da ake bi a tilasta Windows 11 a kan na'urar da ba ta cancanta ba, sai dai Microsoft ya ce bai lamunce wa irin waɗannan samun sabuntawa ba. Tunda tsaro na je nema, wannan bai yi mini ba. Tsohuwar laftof ɗinmu mai zubi na 6, Linux Mint zan ɗora mata, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne da ake sawa a madadin Windows.