Jan mai maɓalli 120 ko baƙin mai 72? Ɗauki baƙin

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wanne za ka saya cikin akodiyon biyu, wato kayan kiɗan nan mai zugazugi da ake ratayawa a ƙirji: ɗauki baƙin nan mai maɓalli 72. Jan mai 120 da ka ce ya tafi da imaninka, bar shi inda ka gan shi ya ci gaba da walƙiyarsa. Na taɓa sayen irinsa, kuma abin da zan gaya maka kyauta ni da kuɗina na koye shi.

Nawa ma ja ne jawur, an jera masa duwatsu masu ƙyalli a gefen ragar gaba, madannan farare tas. A hoto na gan shi, jan ya ja ni, na yi cinikin biri a sama. Ranar da ya iso na ɗora shi a sikeli, kilo 12 da ɗoriya. Da na zauna na rataya shi, gindinsa na kan cinyata ta hagu, samansa kuwa ya tokare mini haɓa, sai na ɗaga kai kamar mai leƙen katanga. Minti ashirin na farko daɗi, daga nan kafaɗa ta fara magana, ƙugu ya amsa mata. Abin da ba a gaya wa sabon shiga shi ne, rabin akodiyon da ke ɗauke da maɓallan bas, wato na sauti mai kauri, hannun hagunka ne zai riƙa janyo shi yana mayarwa duk tsawon kiɗan. Nauyin ba a zaune yake wuri ɗaya ba, tafiya yake yi, kuma kai ne jakinsa. Cikin wata biyu na lura ina neman dalilin da zai hana ni buɗe akwatin. Yau gajiya, gobe dare ya yi. Ya koma kayan kallo, baƙi su zo su ce kai, wannan abu ya yi kyau, ni kuma in yi murmushin yaƙe.

Na san abin da ke ranka, domin shi ya kasance a raina: 120 ta fi 72, to ai ƙaramin ragagge ne, wata rana zai gaza. Lissafin ba haka yake ba. Maɓallan hagu a irin waɗannan akodiyon suna bin tsarin da ake kira Stradella, sunan wani gari a Italiya. Layi shida ne. Biyu na farko sauti ɗai-ɗai suke bayarwa, huɗun da suka rage kuma kowane maɓalli sauti uku yake haɗa maka a dannawa ɗaya. Mai 120 yana da maɓalli 20 a kowane layi, mai 72 yana da 12. Sautukan kiɗa kuwa duka-duka 12 ne, daga nan sai maimaici. Ke nan mai 72 ya ƙunshi kowane sauti sau ɗaya, babu wanda ya ɓace. Ƙarin maɓalli 48 da babban ke taƙama da su maimaicin waɗanda kake da su ne, an jera su a sama da ƙasa don kada hannu ya yi dogon tsalle idan waƙa ta kai ka can gefe. Yawancin kiɗan da za ka yi a shekarunka na farko yatsunka ba za su yi nisa da maɓallin sautin da ake kira C ba, wannan mai ɗan rami a ka da ake laluba da yatsa. A jan nawa, layukan can sama ƙura kawai suka sha.

Inda ragin gaske yake shi ne mai 48, irin mai maɓalli 8 a layi. Shi daga E♭ yake farawa ya tsaya a E, babu haɗin sauti uku na B, kuma za ka neme shi da wuri fiye da yadda kake zato. Don haka kada wani ya ce maka tunda nauyi kake gudu ka sauka can. 72 ne wurin da sauƙi da cika suka haɗu. Abin dariya, akodiyon da Cyrill Demian ya yi wa rajista a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1829 maɓalli biyar kacal gare shi, kuma daga shi sunan ya samo asali.

A hannun dama bambancin madanni bakwai ne: babban 41, daga F zuwa A, ƙaramin 34, yawanci daga G zuwa E. Idan kiɗan gargajiyar Turai na manyan mawallafa kake nufi, ko jaz mai yawo sama da ƙasa, to babban ne naka, wannan ba na musu. Ban ji ka ambaci ko ɗaya ba.

Baƙin nawa kuwa ban ma so shi ba da farko. Ba ado, ba ƙyalli, kamar akwatin kayan aikin makaniki. Mai gyaran da na kai wa jan ne ya miƙo mini shi ya ce in riƙe kafin ya gama dubawa. Na rataya, ya zauna a ƙirjina daram, samansa ya tsaya ƙasa da haɓata da kamar faɗin yatsu huɗu, gwiwar hannun dama ta sami wurin sakewa. Na ɗora yatsa a kan madanni ɗaya, ban ma ja zugazugin ba, nauyin hannuna kawai ya ɗan buɗa shi, sai ga sauti siriri ya fito kamar mutum na yi maka raɗa. Na ƙara ja kaɗan, sautin ya kumbura ya cika shagon ba tare da ya fashe ba. Jan nawa sai ka fizge shi kafin ya yi magana, kuma murya ɗaya gare shi, ihu. Ranar na san cewa shekara guda ina zargin hannuna a kan laifin da ba nasa ba.

Baƙin kilo bakwai da rabi ne. Yanzu a gefen kujera yake kwana, ba a akwati ba. Akwai daren da ƙaramar 'yata ta yi barci a kan doguwar kujera, taku uku daga inda nake, na yi kusan awa ɗaya ina bin wata waƙa a hankali, zugazugin na buɗewa da ƙyar kamar numfashin mai barci, ko motsi ba ta yi ba. Da jan ne, da maƙwabta ma sun farka. Abin da na koya a wata shida da baƙin ya ninka na shekara guda da jan, ba don na ƙara basira ba, sai don hannu na kai masa sau uku a rana ba tare da na yi shawara da bayana ba.

Sirrin yana ciki, inda hoto ba ya kaiwa. Kowane sauti wani siririn harshen ƙarfe ne da aka kafe a kan farantin alminiyom, iska ta bi ta kansa ya yi rawa. Kowane faranti harshe biyu ne, ɗaya na ja ɗaya na turawa, da 'yar fata ko roba da ke rufe wanda ba ya aiki, an kuma manne farantin a jikin katako da kakin zuma haɗe da ƙaro. Babban akodiyon mai murya huɗu a dama da biyar a hagu, wato jerin harsuna huɗu da biyar, harshe 448 ne a cikinsa. Mai madanni 34 da murya uku a dama, huɗu a hagu, 300 ne. Yi tunani: idan kuɗin biyun da kake dubawa sun yi kusa da juna, wanne aka fi kashe wa kowane harshe? Harsunan nan daraja-daraja ne. Italiyawa na kiran na ƙoli a mano, wato aikin hannu, sai tipo a mano mai bi masa, sai na inji a ƙasa. Mai kyau ratar da ke tsakaninsa da farantinsa 'yar mitsitsiya ce, iska ba ta zurarewa, shi ya sa yake amsawa da ɗan numfashi. Na banza rabin ƙarfinka a iska yake tafiya.

Sai batun murya, wanda a nan ne kawai zan ce ka bi kunnenka ba nawa ba. Za ka ga an rubuta LMM ko LMMH. L murya ce mai kauri ta ƙasa, M ta tsakiya, H siririya ta sama. Inda M biyu suke, ana ɗan gocar da saitin ɗaya daga ɗaya da gangan, idan suka yi kuka tare sai sautin ya riƙa karkarwa. Gocewar in ta yi yawa masu sana'ar na ce mata jiƙaƙƙiya, ita ce muryar muzet da kake ji a kiɗan Faransa da na Sikotlan. In kaɗan ce ko babu, busasshiya ke nan, wadda 'yan jaz suka fi so. Ni tsaka-tsaki nake so, domin jiƙaƙƙiya sosai a ɗaki ƙarami tana gajiyar da kunne bayan rabin awa, ga shi tana rigima da muryar mai waƙa. Wannan abu ne da ba makunnin da zai canza maka shi bayan ka saya, sai an kai wa mai gyara ya bi harsunan ɗaya bayan ɗaya da magagari. Ka saurara da kyau tun yanzu. In kana da niyyar kiɗa da wasu, tambayi ko a 440 aka saita tsayin sautinsa ko a 442, don ya dace da kayan kiɗansu. Akwai kuma kasoto, wani ɗan ɗaki a ciki da ke tausasa murya ta yi zagaye. Yana da daɗi matuƙa, yana da nauyi da tsada, ka bar shi sai akodiyonka na biyu.

Launi kuwa fata ce kawai, selulod ne, wani irin roba, aka lulluɓe katako da shi, ja da baƙi ba su da bambanci ko na ƙwayar zarra a sauti. Baƙi ma yana da nasa aibin, duk yatsan da ka ɗora sai ya bar shaida, kullum da tsumma nake yawo. In kallo za ka yi, kalli abin da ke da amfani: kwanta da idonka daidai da madannan ka ga ko sun jeru a layi ɗaya ko wasu sun ɗaga kai, dubi ƙarafan kusurwar zugazugi ko sun zauna lif, dubi faɗin maratayan. A wannan kasuwa ba gani ne ke korar ji ba, ji ne ke korar gani.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Garuruwan da suka yi suna a wannan sana'a sanannu ne: Castelfidardo a Italiya, inda Paolo Soprani ya kafa masana'antarsa a 1863, Trossingen a Jamus, gidan Hohner tun 1857, da Klingenthal, ita ma a Jamus, mahaifar Weltmeister. Saboda wannan sunan ne wasu ke sayo akodiyon mai arha daga masana'antar da ba ta da suna, su liƙa masa wata kalma mai ƙarewa da "ini" ko "elli", su ce maka ɗan Italiya ne. In ka matsa sai su koma cewa ai zanen na Italiya ne, ko harsunan na Jamus ne. Tambaya ɗaya za ka yi: a wane gari aka haɗa shi, wa ya ƙera harsunan? Mai gaskiya zai amsa nan take. Kasancewar abu daga Sin ba laifi ba ne, manyan kamfanoni ma a can suke haɗa na ɗalibai kuma ba sa ɓoyewa. Ɓoyewar ce alamar akwai lauje cikin naɗi.

Wata dabarar tasu ita ce yawan makunnan murya. Murya biyu hanya uku kawai za a iya haɗa su, murya uku hanya bakwai, ko da wa ya ƙera. Idan ka ga mai murya biyu da makunni bakwai jere suna sheƙi, huɗu maimaici ne. Danna su ɗaya-ɗaya ka ji da kunnenka. Bidiyon talla ma kada ya ruɗe ka, ana ƙara masa amsa-kuwwa, ga ƙwararren makaɗi da ko gwangwani ka ba shi zai fitar da daɗi. Akwai kuma masu goge tsohon kaya su sa masa sabon maratayi su ce sabo ne fil. Kai hancinka bakin zugazugin ka danna maɓallin iska: warin funfuna ba ya ƙarya, kuma inda danshi ya shiga, tsatsa na kan harsuna.

Kafin ka biya kuɗin baƙin, yi masa gwaji uku. Kwance maɗauran zugazugin, riƙe shi ta gefen dama ka bar gefen hagu ya rataya ba tare da ka danna komai ba. Ya kamata ya buɗe a hankali ƙwarai, kamar ba ya so. In ya zube da sauri, iska na fita ta wani wuri. Sannan bi madannan 34 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ja da turawa, a hankali iya yadda za ka iya, domin harshen da ke da matsala a sanyin murya yake tona kansa. Na ƙarshe, zauna da shi a jikinka minti goma sha biyar cur, ko mai shagon zai ɓata rai. In daga nesa za a aiko maka, sai da rubutacciyar yarjejeniyar mayarwa, kuma a yi maka gwaji na biyun a bidiyo kai-tsaye kana kallo.

Kuɗin da ya rage maka ka sayi maratayi mai faɗi da katifa, da ɗan maɗaurin da ke haɗa su ta baya. In ya zo hannunka kuma, kada ka taɓa barin sa a mota cikin rana, kakin nan narkewa yake yi, farantan su zame su zubo cikin zugazugi.